Jar Lamba Ba A Karanta Ta

Ɗana ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin gida-gida yana karanta mitar ruwa. Ya rasu yana da shekara talatin da biyar, wata safiyar Talata, bayan jinyar ƙoda ta wata bakwai. Abin da ya damƙa min da hannunsa takarda ce guda, ba ta kai tafin hannu ba, da wata lamba mai gida shida a kanta. Wata huɗu na yi ina karanta takardar nan ba daidai ba, ni da na shekara talatin da biyu ina koyar da lissafi. Kafin in zo kan takardar sai na faɗi ko shi wane ne, domin wanda bai san shi ba ba zai ga abin da ke cikinta ba.

A gida Saura muke ce masa. Yana da shekara biyar na raba musu lemu bakwai, shi da 'yan'uwansa mata biyu. Kowa ya sami biyu, ɗaya ya rage a faranti. 'Yan matan suka kama ɓare nasu, shi kuwa ya tsaya yana kallon farantin.

Ya ce, “Baba, saura ɗaya fa? Shi ba shi da kowa?”

Daga ranar, duk abin da aka raba a gidan sai ya tambayi saura nawa. Mahaifiyarsa ta ce wannan yaro da saura yake kwana, da saura yake tashi. Sunan ya bi shi har makaranta, har wurin aiki, har matarsa ma in ta manta da shi take kiransa.

Da ya kai shekara bakwai muka fara wani wasa. Duk safiyar Asabar a baranda, sai in rubuta lamba a bayan tsohuwar takardar jarrabawa in miƙa masa. Aikinsa ya nemo duk lambobin da za su raba ta ba saura. Su muke kira 'yan gidanta. Ita kanta ba a ƙirga ta a cikinsu. In ya gama sai ya tara su, ya faɗa min ajinta. Sunayen da ke cikin littafi sun yi wa bakinsa nauyi, sai muka raɗa namu. Sha biyu, 'yan gidanta ɗaya, biyu, uku, huɗu da shida, in an tara sha shida ne, sun fi ta: wannan mai rara ce. Takwas, 'yan gidanta ɗaya, biyu da huɗu, bakwai ke nan, ba su kai ta ba: mai giɓi. Shida da ashirin da takwas, 'yan gidansu na cika su cif: cikakku. Wadda kuwa babu mai raba ta sai ɗaya, kamar sha uku, shi ya sa mata gwauruwa, wai ita kaɗai ce a ɗaki da tabarmarta. Doka ɗaya ce a wasan: da hannu ake yi, ba a taɓa na'ura.

Wasan bai tsaya a baranda ba. Lambar mota, lambar gida, lambar da ke ƙasan kwalbar magani, duk wadda ido ya faɗa a kai sai mun rarraba ta. Mahaifiyarsa takan ce, “Ku biyun nan, ko gobara ce ta tashi a gidan nan sai kun rarraba lambar motar kashe wuta kafin ku fito.”

Yana da shekara goma sha ɗaya na ba shi 220. Ya tara 'yan gidanta ya sami 284. Na ce to, rarraba wannan ma. Ya sunkuya, ya tara, sai ga 220 ta dawo masa. Ya sake daga farko don yana zaton kuskure ya yi. Na gaya masa irin waɗannan aminai ake ce musu: abin da ke cikin wannan shi ne waccan, abin da ke cikin waccan shi ne wannan.

Ya ce, “Wa ya haɗa su?”

Na ce ba wanda ya haɗa su, haka aka same su.

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, “Amma Baba, ɗaya mai rara ce, ɗaya mai giɓi.”

Na ce dole ne, in ba haka ba ai ba za su zama biyu ba. Na tashi na shiga harkokina. Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Na sa rai a kansa fiye da yadda ya kamata uba ya sa. A raina na riga na gama tsara masa hanya: digiri, digiri na biyu, sannan kujerar da ni ban samu ba. Ya shiga jami'a sashen lissafi. Abin da ban sani ba, yaron lambobi kawai yake so. Duk darasin da ba na lambobi ba sai ya zauna a baya yana rarraba lambar kujerarsa. Ya faɗi darussa uku, ya maimaita, ya sake faɗuwa biyu. A shekararsa ta uku aka sallame shi. Ba daga bakinsa na ji ba, wasiƙa ce ta zo.

Muna kan tebur da rana, shi da mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Na ajiye wasiƙar kusa da farantinsa. Ban ɗaga murya ba, ban taɓa zama mai ɗaga murya ba. Cewa na yi, “Kai lamba ce mai giɓi. A tara duk abin da ke cikinka, bai kai ka ba.”

Da wani zagi na yi masa, da ya wuce kamar yadda zagi ke wucewa. Amma da harshen da mu biyu kaɗai muke ji na yi masa. Mahaifiyarsa ba ta san lissafin ba, ta dai ga fuskarsa. Ta ce, “Malam, ka janye wannan magana.” Ban janye ba. Shi kuma ya ƙarasa abincinsa, ya kai farantin wurin wanki, ya wanke shi da kansa.

Ba mu ɓata ba, kada a ɗauka haka. Yana gaishe ni, ina amsawa. Amma ban ƙara miƙa masa lamba ba, shi ma bai ƙara tambayata ajin wata ba. Shekara goma sha biyu.

Bayan shekara guda a zaune ya sami aiki a hukumar ruwa. Kayan aikinsa ba su da yawa: rigar kaki, ƙugiyar ƙarfe ta ɗaga murfin ramin mita, tsumma na goge gilashi, littafin rubuta karatun mita mai takardun yagewa, da biro biyu ɗaure da roba, baƙi da ja. Sau da yawa na ga biron nan biyu a aljihunsa, ban taɓa tambayar amfanin jan ba. A ganina a lokacin, ba aikin da zan yi tambaya a kansa ba ne.

Yawancin abin da na sani game da aikinsa, bayan rasuwarsa na ji shi, daga bakin mutanen da suka zo gaisuwa, waɗanda ban taɓa gani ba. Gida ɗari da ashirin yake bi a rana, a ƙafa. Ya durƙusa, ya ɗaga murfi, ya kori kwaɗo ko kunama, ya goge gilashi, ya rubuta, ya yage rabin takardar ya ba mai gida, ya wuce. Abokan aikinsa Furofesa suke ce masa, da farko don tsiya, daga baya don sun saba. Wani mai gyaran takalma ya ce min duk wata sai ya gaya masa ajin mitarsa. “Ya ce min, ‘Maigida, wannan watan mitarka gwauruwa ce.’ Na ce to ai ta yi kama da mai ita.” Wata tsohuwa ta zo da sanda, ta ce shi ne ya lura jar allurar mitarta na juyawa alhali duk famfunan gidan a rufe suke. Ya dawo ranar hutunsa da shebur, ya bi layin bututun har ya sami inda ya fashe a ƙarƙashin bangon ɗakin kwananta. Ta ce da damina ta riske shi a haka, da bangon ya kwanta a kanta. Ta zauna ta yi kuka fiye da wasu dangi.

Gidanmu yana cikin zagayensa. Makon farko na kowane wata, da hantsi, nakan ji ƙarar murfin ƙarfe a bakin ƙofa daga ɗakin karatuna. Sai ya leƙo.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya lau. Ya aiki?”

“Da godiya.”

Ya wuce wurin mahaifiyarsa, ya sha ruwa, su yi ta dariyarsu ƙasa-ƙasa. Takardar ita yake ba, ita kuma ta soke ta a wani dogon ƙusa da ke bayan ƙofar kicin. Ban taɓa duba ko ɗaya ba.

Ya yi aure yana da shekara ashirin da tara. Matarsa malamar makarantar firamare ce, mace mai ƙarancin magana. Suna zaune a ɗaki biyu a bayan wata tashar mota. Ta taɓa gaya wa mahaifiyarsa cewa ranar da ya fara zuwa wurinta, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi sai da ya gaya mata lambar gidansu mai rara ce, ita kuma ta ɗauka yabo ne ga mahaifinta.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Ya ce yawon aiki ne. Da aka gano ƙoda ce, an riga an makara da yawa. Wata bakwai ana kai shi wankin jini, sau biyu a mako, daga baya aka kwantar da shi gaba ɗaya. Kullum da safe ina zuwa. In zauna a kujerar roba kusa da gadon, in tambayi yadda ya kwana, in karanta takardar da ke rataye a ƙafar gadon, in yi wa likita tambayoyi masu ma'ana. Duk abin da ya kamata uba ya yi na yi, ban da abu ɗaya.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na tarar da littafin aikinsa a kan cinyarsa. Yatsunsa sun kumbura har biro ba ya zama a cikinsu sosai. Ya riga ya gama rubutun. Ya yage rabin takardar a hankali, ya miƙo min.

Ya ce, “Baba, ga karatunka na wannan wata.”

Na ce, “Mitar asibiti ka koma karantawa?”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, “A rarraba ta, a faɗa min ajinta. Da hannu fa. Ban yarda da na'ura ba.”

Na duba. A layin sunan mai gida ya rubuta Baba. A ƙasa, cikin akwatuna shida, 172963. Biyar na farko da baƙi, ukun ƙarshe da ja. Na ɗauka baƙin biron ne ya ƙare masa. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Washegari ya ce, “An duba?”

Na ce, “Sai ka fito, mu yi a baranda.”

Ya ce, “To, Baba.” Bai ƙara tambaya ba.

Gaskiyar magana, tsoro ne ya hana ni. Shekara goma sha biyu ba mu yi magana da wannan harshe ba, kuma maganar ƙarshe da aka yi da shi tawa ce. Na san duk abin da ke cikin takardar nan amsa ce.

Wata biyu bayan rasuwarsa takardar na aljihuna ban buɗe ta ba. Wata Asabar da safe na ɗauki fensir na fita baranda. Lambar mara ce, biyu ba ta raba ta. Uku ba ta raba ta, biyar ma haka. Bakwai ta raba ta cif, aka sami 24709. Sai na koma kan wannan. Don in tabbatar da ita sai na gwada ta da kowace gwauruwa daga biyu har zuwa 157, guda talatin da bakwai ke nan. Na yi su ɗaya bayan ɗaya, da hannu, yadda ya ce. Babu wadda ta shiga. Ban da biyu da uku, sau biyu, a kan ashirin da tara da kuma saba'in da ɗaya, ɗaya tak ya rage. A nan na ajiye fensir na ɗan jima kafin in ci gaba.

Da na gama, abin ya fito fili. 24709 gwauruwa ce. Ke nan lambar da ɗana ya rubuta a ƙarƙashin sunana 'yan gida uku kacal gare ta: ɗaya, bakwai, da 24709. In an tara, 24717. Kashi ɗaya cikin bakwai na lambar, da ɗan abin da ba a rasa ba. Mai giɓi ce, giɓin ma ba ƙarami ba: 148246.

Na sake yi washegari, na sake yi bayan mako. Ban taɓa fatan in yi kuskure a lissafi ba sai a kan wannan, kuma ban yi ba. Na ce a raina, to, ya mayar min da maganata. Ya riƙe ta shekara goma sha biyu, yana gaishe ni, yana shan ruwa a gidana, sai da ya ga tafiya ta zo ya auna ni da ma'aunin da na auna shi. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne dariyar da ya yi lokacin da yake miƙo min.

Ban gaya wa kowa ba. Na daina zama a baranda. Abinci sai in taɓa in ture. Mahaifiyarsa ta ce, “Malam, ni ma ɗana ne. Amma kai kamar akwai abin da kake ɗauke da shi bayan rashin.” Na ce babu komai. Haka muka yi wata huɗu.

Zagayen unguwarmu an ba abokin aikinsa ne, wani da suke kira Dogo, wanda suka fara aiki rana ɗaya. Duk wata in na ji ƙarar murfin sai in rufe ƙofar ɗakina. A wata na shida mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofar ta ce, “Ka fito ka gaisa da yaron nan. Duk zuwan da ya yi sai ya tambaye ka. Ba shi ya ɗauke maka ɗa ba.”

Na fita. Na same shi durƙushe a bakin ramin, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Ya gaishe ni, ya yi min gaisuwar rashi kamar jiya aka yi. Sannan ya goge gilashin, ya rubuta da baƙin biro, da ya zo akwatin ƙarshe sai ya juya biron ya rubuta da ja.

Na ce, “Kai ma baƙin naka ya ƙare ne?”

Ya ɗago yana kallona. “Wane baƙi, Baba?”

“Na ga ka ƙarasa da ja.”

Ya yi murmushi. “A'a, Baba, ai haka aikin yake. Leƙo ka gani.” Na sunkuya. A fuskar mitar akwai tagogi shida, biyar baƙaƙe, ta ƙarshe ja, tana motsi a hankali. “Baƙaƙen su ne karatu. Jar nan guntun ruwa ne da bai cika ma'auni ba, kafin ka miƙe tsaye ta canja. Ja ba a karanta shi.”

“To don me kuke rubuta shi?”

“Shaida ce. In ka bar akwatin ja babu komai, oga zai ce a gindin bishiya ka zauna ka ƙirƙiro lambobin. Jan ne ke nuna ka je, ka durƙusa, ka gani da idonka. Hannunmu ya saba, Baba. Ni ko lambar waya zan rubuta wa mutum sai na ji kamar in ƙara mata ja a ƙarshe. Furofesa ma ya fi kowa. Shi fa ko mita ta mutu sai ya rubuta inda jan ya tsaya.”

Na ciro takardar daga aljihu. Ta yi laushi saboda ninki. Na miƙa masa. Ya gane rubutun nan take, ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa.

Na ce, “Karanta min.”

Ya ce, “Dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da shida.”

“Ukun fa?”

“Ukun ai ja ne, Baba.” Ya juya takardar. “Amma wannan ba karatun gidan nan ba ne, mitarku ko dubu huɗu ba ta kai ba. Ina gindinta?”

“Wane gindi?”

“Rabin da ke zama a littafi. Ba ma ba da rabi sai mun riƙe rabi.”

Ban san yadda muka yi sallama ba. Ni mutum ne da ba ya karɓar magana sai da hujja, ko da maganar da nake so ce. Na wuce kicin, na zare takardun da ke soke a ƙusa, sama da ɗari da ashirin, na baza su a tebur. Kowacce lambarta ta ƙarshe ja ce. Na juya ɗaya, sai na ga kalma guda a baya da ƙaramin rubutu: giɓi. Na juya wata: rara. Wata: gwauruwa. Kowacce da tata, wata bayan wata, tun shekararsa ta farko a aiki.

Mahaifiyarsa na tsaye a bayana. Ta ce, “Kullum sai ya yi ɗan rubutun nan kafin ya ba ni. Na ɗauka na ofis ne.”

Na zaɓi guda biyar na gwada. Duk biyar ɗin, ajin da ya rubuta na baƙaƙen lambobin ne kaɗai.

Sannan na ɗauki fensir na fita baranda, na rubuta 17296. Biyu ta raba ta, ta sake, ta sake, ta sake, har sau huɗu, aka sami 1081. Ita kuma ashirin da uku ce sau arba'in da bakwai. Na jera 'yan gidanta, goma sha tara: 1, 2, 4, 8, 16, 23, 46, 47, 92, 94, 184, 188, 368, 376, 752, 1081, 2162, 4324, 8648. Gida cike da mutane. Na tara su a hankali, sau biyu. 18416. Mai rara ce.

Da a nan na tsaya ma, da ya ishe ni in ci abinci a ranar. Amma na san ɗana, ba zai ba ni aikin da zai ƙare a nan ba. Na rubuta 18416 a sabon layi. Sha shida ce sau 1151, ita kuma gwauruwa. 'Yan gida tara: 1, 2, 4, 8, 16, 1151, 2302, 4604, 9208. Tun kafin in kai ƙarshen tarawar na ga inda za ta faɗa. 17296.

Da la'asar na tafi gidan matarsa. Na same ta tana duba littattafan ɗalibanta a kan tabarma. Ta tashi da sauri, don ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

“Baba, lafiya?”

Na ce lafiya lau, littafin aikinsa na ƙarshe nake so in gani, in yana nan.

Jakarsa na rataye a bayan ƙofa, ƙugiyar ƙarfen ta leƙo daga ciki. Ta sauko da ita, ta ciro littafin, biron nan biyu na maƙale a jikinsa. Na buɗe wurin da aka yi yagar ƙarshe. Na ɗora takardata, haƙoran yagar suka shiga juna. A gindin, layin sunan mai gida, ya rubuta Saura. A cikin akwatuna, 18416 da baƙi, da uku ja a ƙarshe.

Ta ce, “Kwana biyu ya yi yana fama da lambobin nan a bayan takardar magani. Na ce ka huta mana. Ya ce ƙananan Baba ya riga ya san su, sai ya kawo wadda za ta ba shi aiki. Mene ne a ciki, Baba? Ni ban tambaye shi ba.”

Na zauna na yi mata bayani kamar yadda na yi masa yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Na nuna mata tawa, na nuna mata tasa, na nuna mata yadda kowacce in an tara abin da ke cikinta ɗayar ce ke fitowa. Malama ce, ba ta sha wuya ba. Ta bi layin da yatsa, sannan ta ce, “Amma tasa ba ta cika ba.”

Na ce eh, tasa mai giɓi ce. Da 1120.

“Taku kuma ta yi yawa.”

Na ce da 1120.

Ba ta san maganar da na yi a kan tebur shekara goma sha biyu da rabi da suka wuce ba. A ranar na gaya mata. Ita ce mutum na farko da na maimaita wa da bakina. Ta saurara har na gama, ba ta ce ba komai ba ne, na kuwa gode mata da hakan.

Ba zan ce takardar nan ta janye min maganata ba. Ni ya kamata in janye ta, kuma an ba ni shekara goma sha biyu da kwana huɗu ban yi ba. Shi bai musa abin da na ce ba. Ya karɓi giɓin, ya rubuta shi a ƙarƙashin sunansa, ya auna shi daidai, sannan ya nuna min abin da ake samu in an tara abin da ke cikinsa. Ukun ja kuwa, na yi ta juya shi a raina, ko yana nufin wani abu. Ban sani ba. Na tsaya a kan abin da Dogo ya ce: shaida ce ta cewa ya je, ya durƙusa, ya gani da idonsa.

Ta kama gindin takardar za ta yage min. Na ce ta bari, gindi a littafi yake zama, littafin kuma nata ne. Abu ɗaya na roƙa, ta ara min biron. Ya ce a rarraba a faɗa masa ajinta, ban faɗa ba. Na juya takardata a kan gwiwa, na duba bakin biron da kyau kada in ɗauki jan, na rubuta Aminai da baƙi.